Darasi na Tara: Zafin Ruwa da Gansakuka Mai Guba

Garin Jajimaji yana tsakanin Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe. Tsakaninsa da teku tafiya ce mai nisa. Duk da haka, abin da ke faruwa a teku idan ruwa ya yi zafi, shi ne ke faruwa a tabkunan wannan yanki da bazara.

Gansakuka ita ce koren abin nan da ke taruwa a saman ruwan da ba ya gudu. Kaɗan daga cikinta abinci ne ga ƙananan kifaye. Amma idan ruwa ya ɗumama, rana ta yi ƙarfi, kuma takin zamani ya gangaro daga gonaki, sai ta hayayyafa ta rufe ruwan cikin 'yan kwanaki.

Daga nan matsala biyu ke tasowa. Ta farko ita ce ƙarancin iska. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar ruwan sanyi. Da dare gansakuka tana shan wadda ta rage, idan kuma ta mutu ta ruɓe, sai iskar ta ƙara raguwa. Shi ya sa masunta kan tarar da karfasa ta taso sama matacciya da asuba. Tarwaɗa ta fi jurewa, domin tana iya leƙowa ta shaƙi iska. Matsala ta biyu ita ce guba. Wasu nau'o'in gansakuka suna fitar da gubar da ke lalata hanta ko jijiyoyi, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita.

An ga haka a tekun Pasifik. Daga 2014 zuwa 2016, ruwan gaɓar yammacin Amurka ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba. A 2015 gansakuka mai guba ta bazu daga Kalifoniya har zuwa Alaska. Tsuntsaye da dabbobin teku suka yi ta mutuwa, hukuma ta hana kamun ƙaguwa na tsawon watanni, masunta suka yi hasara. Haka kuma a 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botswana, kuma hukumomin ƙasar suka ɗora laifin kan gubar da ke cikin tabkunan da suka sha.

A yankin Nguru da Gashuwa, kogunan Haɗeja da Jama'are ne ke cika fadamu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, kachalla kuma ta toshe magudanai da dama. Ruwan da ya tsaya wuri ɗaya kuwa shi ya fi saurin ɗaukar zafi.

Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani. Saboda haka, kada a sha ruwan da ya koma kore ko yake wari, kada a shayar da dabbobi a cikinsa, kuma kada a ci kifin da aka tsinta matacce.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa uku ne ke sa gansakuka ta yawaita?
2. Me ya sa tarwaɗa ta fi karfasa jurewa?
3. Yi jimla da kowace kalma: ɗumama, hayayyafa, magudanai.