BAƘON ƊAN WASA: TAIMAKO NE KO CIN GURBIN ƊAN GIDA?

Duk mutumin Bauchi da ya daɗe a Kurmi, in ya koma gida ya zaga unguwar Ɗan Iya ran Asabar da la'asar, zai tarar da abin da ba haka ya baro shi ba. Gidajen kallon ƙwallo cike suke maƙil da samari, janareta na ta ruri, ana ta musu a kan kulob-kulob na Ingila da Sifen. Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya ba tare da ya numfasa ba, in ka ce ya kira maka mutum uku na Wikki Tourists, watau kulob ɗin garinsu, sai ya hau susar ƙeya. Alhali kuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin nan yake, filin da aka buga wasannin cin kofin duniya na matasa a cikinsa a 1999 da kuma 2009.

A irin waɗannan wurare ne ake yawan tayar da wata tsohuwar gardama. Shin baƙin 'yan wasan da kulob kan ɗauko daga ƙasashen waje, ƙarfafa ƙungiyar ƙasa suke yi ko kuwa kashe ta? Ku 'yan'uwa masu neman abinci a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, kun fi kowa sanin nauyin kalmar nan "baƙo". Saboda haka ya kamata mu bi maganar a hankali.

ABIN DA YA SAMI FARANSA

Misalin da ya fi fitowa fili ba ma a ƙwallon ƙafa yake ba, a wasan zari-ruga yake, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 a kowane gefe, ana rungumarta ana gudu da ita. Kulob-kulob na Faransa suna da kuɗi, suka dinga sayo gwanaye daga ko'ina. Kulob ɗin Toulon, da taimakon irin su Jonny Wilkinson na Ingila da Bryan Habana na Afirka ta Kudu, ya ci kofin Turai sau uku a jere, a 2013 da 2014 da 2015. To, amma a cikin wannan shekara ta 2015 ɗin, New Zealand ta lallasa ƙungiyar ƙasar Faransa da ci 62 da 13 a gasar cin kofin duniya. Kulob na ƙiba, ƙasa na ramewa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Muddin baƙo ne ke riƙe da muhimmin gurbi kowane mako, yaron gida a benci zai tsufa, kuma ba a koyon wasa a zaune. Hukumomin wasan ba su kori kowa ba. Tun 2010 suka fara wata doka mai tilasta wa kowane kulob ya riƙe adadin 'yan wasan da aka rena a cikin Faransa, suka yi ta ƙara adadin sannu a hankali, tare da hukunci ga wanda ya saɓa. Matasan ƙasar suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2018 da 2019 da 2023, manyan kuma suka doke dukan abokan karawarsu biyar a gasar ƙasashe shida ta Turai a 2022, abin da rabonsu da shi tun 2010. Ba doka kaɗai ta kawo wannan ba, amma ita ta buɗe wa yaran ƙofa.

MU KOMO GIDA

A Nijeriya ma an yi zamanin da mu ake zuwa wa ci-rani. Lokacin da Naira take da daraja, 'yan wasan Gana sun yi ta shigowa kulob-kulob namu. John Orlando, haifaffen Gana, yana cikin ƙungiyar Green Eagles da ta ɗauki kofin Afirka a Ikko ran 22 ga watan Maris, 1980, bayan ta ci Aljeriya 3 da 0. Edward Ansah, golan Gana, ya tsare ragar Iwuanyanwu Nationale ta Owerri. Zuwan waɗannan baƙi bai rage mu da kome ba, domin 'yan kaɗan ne, gwanaye ne, kuma irin su Segun Odegbami da Muda Lawal da Christian Chukwu duk a gida suke wasa.

Daga baya sai reshe ya juye da mujiya. Stephen Keshi ya tafi Abidjan a 1985, daga can ya wuce Beljiyam a 1986, wasu suka bi sawunsa. Ƙungiyar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994, akasarinta 'yan ci-rani ne. Watau mu ne muka zama baƙin da wasu ke gunaguni a kansu. Ƙungiyar ƙasa ta ci riba, gama yaran sun sami horo da kayan aiki, amma filayen gida suka fara yin fayau.

Shi Keshin da ya buɗe hanyar fita, shi ne kuma ya tuna mana da ɗan gari akan ci gari. Da ya zama mai horar da Super Eagles, ya tafi gasar Afirka ta 2013 da 'yan wasan gida shida, har da Gabriel Reuben na Kano Pillars. Ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kori Kwaddebuwa, shi ne kuma ya ci ƙwallo ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. Haka Ahmed Musa, kafin duniya ta san shi, a Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa guda, sannan ya tafi Holan a 2010.

RABON BAUCHI

Bauchi ma ba a bar ta a baya ba. Wikki Tourists, wadda ta samo sunanta daga ruwan ɗumin nan na Wikki a dajin Yankari, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1998, bayan ta doke Plateau United a bugun fanareti. A 2016, ƙarƙashin Abdu Maikaba, ta zo ta uku a babbar gasar ƙasa, ɗan wasanta Godwin Obaje kuma ya fi kowa cin ƙwallo, har 18. Ashe dai gwanaye na nan. Abin da kan kore su daga gida sanannen abu ne ga duk mai bin wasan ƙasar nan: albashin da ba ya zuwa a kan kari, doguwar tafiya a mota kafin wasa, da filin da ba 'yan kallo.

To, ga amsar gardamar Ɗan Iya. Baƙo gwani ɗaya ko biyu a kulob tamkar malami ne, yara na koyo a wurinsa. Ɓarna tana zuwa ne in an toshe wa ɗan gida hanya, ko da tarin baƙi kamar yadda aka yi a Faransa, ko da yunwa da sakaci kamar yadda ake yi a nan. Ku da kuke zaman baƙunci kun san ba zuwanku ne ya hana ɗan gari sana'a ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk ranar da kuka ji wani kulob na Arewa ya sauka a filin Onikan a Ikko, ko Adamasingba a Badun, a daure a rufe shago da wuri a je a sayi tikiti. In kuma an je gida hutun Salla, a kama hannun ƙane ko ɗa a kai shi filin Tafawa Balewa ya ga wasa da idonsa. Mai yiwuwa wanda zai ci wa Nijeriya kofi na gaba yana can Ɗan Iya yana buga tamaula ba takalmi. Allah ya sa mu dace.