Inji da Giya: Yadda Ake Sabunta Tsofaffin Motoci Masu Ƙwanji

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac na ƙasar Amurka ya ɗauki babban inji mai silinda takwas da faɗin ciki na lita 6.4, ya ɗora shi a kan mota matsakaiciya, ya kira ta GTO. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu, aka sami irin su Dodge Charger da Chevrolet Chevelle, waɗanda Amurkawa ke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji. Zamaninsu bai yi tsawo ba, domin dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar man fetur ta 1973 sun karya kasuwarsu. Waɗanda suka rage sun haura shekara hamsin, kuma mai irin wannan mota yakan so ya ƙara mata ƙarfi. Babbar ƙa'idar aikin ita ce, inji da giya da sauran sassa jiki ɗaya ne, ba a taɓa ɗaya a bar saura.

Numfashin inji

Inji yana kama da tsokar jikin ɗan Adam ta fuska guda: duk biyun suna ƙona makamashi ne da iskar oksijin. Saboda haka ƙarfin inji ya dogara ga yawan iskar da yake iya shaƙa. Mai gyara yana da hanyoyi biyu. Ta farko, ya riƙe injin asali ya buɗa masa hanyoyin numfashi, ya kuma sauya tsohuwar na'urar haɗa fetur da iska da wadda kwamfuta ke sarrafawa. Ta biyu, ya cire shi ɗungurungum ya sa na zamani, kamar jerin injunan LS da kamfanin General Motors ya fara fitarwa a 1997.

Wanda ya zaɓi ta farko dole ya tuna cewa an ƙera injin ne lokacin da ake zuba sinadarin dalma a fetur. Dalmar tana hana inji ƙwanƙwasa, tana kuma kare mazaunin bawul daga cinyewa, amma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa Amurka ta haramta ta a fetur ɗin motoci a 1996. Don haka akan sa wa tsohon inji mazaunin bawul mai tauri, a rage yadda yake matse iska. Wanda ya zaɓi ta biyu kuwa, zai sami sauƙin shan mai, amma darajar motar na iya faɗuwa, domin masu tara tsofaffin motoci sun fi biyan kuɗi a kan wadda lambar injinta ta dace da ta jikinta.

Aikin giya

Ƙarfin inji iri biyu ake aunawa. Akwai ƙarfin murɗawa, wato irin wanda hannu ke sa wa murfin kwalba, akwai kuma ƙarfin doki, wanda ke nuna saurin yin aikin. Ƙarfin murɗawa shi ke karya haƙoran giya, don haka da shi ake zaɓen akwatin giya.

Yawancin motocin nan giya huɗu suke da ita ta hannu, ko uku mai canja kanta, kuma a giyar ƙarshe inji da farfela juyi ɗaya suke yi. Ga lissafin da ɗalibi zai iya gwadawa. Tayar da tsayinta ya kai santimita 66 tana cin kusan mita 2.07 a kowane juyi. A gudun kilomita 110 a awa, za ta juya kusan sau 884 a minti. Idan haƙoran aksul ɗin baya suna bukatar juyin farfela 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, to inji zai riƙa juyawa kusan sau 3,600 a minti. Wannan kamar mutum ne ya yi doguwar tafiya da sassarfa: ga zafi, ga ƙara, ga shan mai. In aka sa akwatin da ke da ƙarin giya ta sama, kamar 700R4 na 1982 wanda giyarsa ta huɗu 0.70 ce, juyin zai sauko zuwa kusan 2,500, ba tare da motar ta rasa zafin tashinta ba.

Abin da ake mantawa

Inji mai ƙarfi yana bukatar babban lagireto, kamar yadda mai aikin ƙarfi ke bukatar zufa. Haka nan kuloci da farfela da aksul, duk sai an tabbatar za su iya ɗaukar nauyin. Mafi muhimmanci shi ne birki. Idan gudun mota ya ninka sau biyu, makamashin da birki zai kashe yana ninkuwa sau huɗu, alhali da yawa daga cikin motocin nan da birki mai ganga suka fito, wanda ke sanyin kamu idan ya ɗau zafi. Shi ya sa gogaggun makanikai ke fara sauya birki kafin su taɓa inji.

Daga ƙarshe, tambayar da ta kamata mai mota ya fara yi wa kansa ita ce, me zai yi da ita? Motar baje koli a bar ta da kayanta na asali. Ta doguwar tafiya ƙarin giya ta fi bukata. Ta tsere kuwa, sai an ƙarfafa kowane sashe tun daga inji har taya, domin sarƙa daga mafi raunin zobenta take tsinkewa.