Kwana Ce Ke Yanke Wa Bas Tsawonta

Mai kamfanin sufuri yana son bas doguwa, domin kowane layin kujeru da aka ƙara kuɗi ne. Titi kuwa ba ya miƙewa don son mai mota. Tsakanin waɗannan biyu ne dokokin tsawon bas suka samo asali.

A Tarayyar Turai, tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2002, bas mai layin tayoyi biyu ba za ta wuce mita 13.5 ba. Mai layi uku an ba ta mita 15, mai gaɓa a tsakiya kuma, wadda ke lanƙwashewa idan ta sha kwana, an ba ta mita 18.75. Kafin nan mita 12 ne iyakar bas maras gaɓa.

Sai dai awo da tef kaɗai bai isa ba. Dole motar ta iya juyawa cikin zobe, gefenta na waje bai fita daga mita 12.5 daga tsakiya ba, na ciki bai kusanci tsakiyar da ƙasa da mita 5.3 ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin shataletale ya ga dalili: direba ya karya sitiyari, tayoyin baya su yanke hanya su nufi bakin titi, gindin motar kuma ya wulwula waje ɗaya gefen, inda mai babur ko turken fitila ke tsaye. Wannan wulwulawar ma doka ta ƙayyade ta, kada ta zarce santimita 60.

A Amurka kowace jiha ke da nata awon. Jihohi da yawa sun tsaya a ƙafa 35, har kamfanin Greyhound ya yi ta bin majalisu yana neman a ɗaga, kafin ya fito da bas ɗinsa Scenicruiser mai ƙafa 40 a 1954. A 1991 dokar tarayya ta hana jihohi haramta bas mai ƙafa 45 a manyan hanyoyin ƙasa, kuma shi ne tsawon da akasarin motocin tafiya mai nisa suke bi yanzu.

Cika sharaɗin doka ma ba ya nufin gari zai karɓi mota. Landan ta zuba basa-basai masu gaɓa masu tsawon mita 18 a farkon shekarun 2000, mazauna suka yi ta ƙorafin suna toshe mahaɗar tituna, masu keke na tsoronsu. Boris Johnson ya yi yaƙin neman kujerar magajin gari da alƙawarin kawar da su, ya kuma cika a ƙarshen 2011.

Kuritiba ta Birazil ta bi wata hanya. Ta ware wa bas layinta ita kaɗai, ta gina tashoshi daidai da ƙofofinta, sannan a 1992 ta shigo da masu gaɓa biyu. Daga 2011 wasu daga cikinsu sun kai mita 28, suna ɗaukar fasinja kusan 250 a sahu guda.