Wayar da ke kashe injin babur

A yankin Galadi da sauran ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda, babur ne ke kai amfanin gona kasuwa, shi ne kuma ke kai majinyaci asibiti. Ƙurar hunturu da ruwan damina kan cinye makunnan da ke jikin kan babur, sai makanike ya sake jona wayoyi.

To sai dai a nan ne ake yawan tafka kuskure.

A baburan da na'urar CDI ɗinsu ke samun wuta kai tsaye daga inji, makashin inji ba ya yanke wuta. Aikinsa shi ne karkatar da ita zuwa jikin ƙarfen babur, sai filogi ya daina tartsatsi. A tsarin Honda, wanda baburan Sin da dama suka kwaikwaya, wayar baƙa ce mai ratsin fari, koriya kuma ta jikin ƙarfe ce. Idan baƙar ta tsinke, inji zai tashi lafiya lau, amma zai ƙi mutuwa, ko da babur ya faɗi totur ya maƙale. Idan kuwa ta goge ta taɓa ƙarfe, sam ba zai tashi ba.

Ta ɓangaren fitila, matsalar ita ce janyo wuta daga batir ba tare da fiyus ba, musamman wajen sanya ƙwan LED. Da zarar waya ta goge sai ta ƙone, a bar mahayi cikin duhu a hanyar da 'yan bindiga suka addaba.