Hatsarin Jirgin Yaƙi na P-80 da Mutuwar Manjo Richard Bong

Gabatarwa

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne manyan ƙasashe suka fara sauya jiragen yaƙi masu farfela da masu injin jet. Wannan sauyi ya ci rayukan ƙwararrun matuƙa. Daga cikinsu akwai Manjo Richard Bong na Amurka, wanda ya harbo jiragen Japan 40, adadin da babu wani matuƙin Amurka da ya kai.

Yadda Injin Jet Yake Aiki

Injin jet yakan shaƙi iska, ya matse ta, ya cuɗa ta da mai, sannan ya ƙona. Iskar nan mai zafi da ke fita ta baya da ƙarfi ita ce ke tura jirgi gaba. Saboda haka, da zarar mai ya yanke, wutar injin takan mutu nan take. Lokacin tashi ne wannan ya fi haɗari, domin jirgi bai yi nisa da ƙasa ba, balle matuƙi ya sami sararin gyara.

Aukuwar Hatsarin

Bayan dawowarsa daga fagen daga, an tura Bong gwajin sabon jirgin P-80 na kamfanin Lockheed. A ranar 6 ga Agusta, 1945, wato ranar da aka jefa wa Hiroshima bam ɗin nukiliya, ya tashi daga Burbank ta jihar Kalifoniya. Tashinsa ke da wuya sai babban famfon mai ya lalace. Ya yi tsalle ya fice, amma kusancinsa da ƙasa ya hana lemarsa buɗewa. Ya rasu yana ɗan shekara 24.

Musabbabin Hatsarin

Jirgin yana da famfon ko-ta-kwana, sai dai bincike ya nuna cewa ba a kunna shi ba. Irin wannan matsala ta famfo ce ta halaka Milo Burcham, babban matuƙin gwaji na kamfanin, a watan Oktoba na 1944. Bugu da ƙari, Bong ya ƙware ne a kan P-38 mai farfela, kuma sa'o'i ƙalilan kawai ya yi yana tuƙa P-80.

Kammalawa

Wannan hatsari ya nuna cewa na'urar kariya ba ta da amfani sai hannun matuƙi ya saba da ita. Ƙwarewa a kan tsohon jirgi ba ta wadatar ga sabo, sai an sake horo daga tushe.