Yadda Ake Tayar Da Kwamfutar Zamani Daga Filash

A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyaran manhaja mai kuskure da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wa abokan cinikinsa ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows a duniya, bisa ƙiyasin kamfanin Microsoft. Bankuna da asibitoci da kamfanonin jiragen sama sun ga tasku. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyara da Microsoft ya fitar ita ce a tayar da kwamfutar daga filash maimakon faifan da ke cikinta. Wannan dabara ce ake bi wajen ceto bayanan kasuwanci daga kwamfutar da ta ƙi tashi, ko wajen ɗora mata sabuwar manhaja, musamman tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

A da abin ba wuya. Sai a soka filash, a shiga tsarin BIOS, a sa shi a gaba. Amma tun daga fitowar Windows 8 a 2012, kwamfutocin tafi-da-gidanka suka koma wani sabon tsari mai suna UEFI, wanda ya zo da mai gadi da ake kira Secure Boot. Aikinsa shi ne hana duk wata manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun da aka amince da shi tashi. Bugu da ƙari, kwamfutar yanzu tana tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta yadda kafin mutum ya danna maɓalli, lokaci ya wuce.

Galibin matsalar daga shirya filash ɗin take. Kwafe fayil ɗin Windows a zuba cikinsa kamar yadda ake kwafe wasiƙa ba zai yi ba. Wajibi ne a rubuta shi da manhajar da aka yi domin haka, kamar wadda Microsoft ke bayarwa kyauta ko kuma Rufus. Ana buƙatar filash mai girman gigabait 8 ko fiye, kuma duk abin da ke cikinsa zai shafe. Mai amfani da Rufus ya zaɓi tsarin GPT, domin shi ne ya dace da UEFI. Filash da aka shirya bisa tsohon tsarin MBR don BIOS kaɗai, sabuwar kwamfuta kan yi kamar ba ta gan shi ba, tun da yawancinsu ba su da tsohon tsarin kwata-kwata.

Daga nan sai maɓallin kiran jerin zaɓi, wanda ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuwa Esc sannan F9, a Asus Esc. Acer ma F12 ne, sai dai sau da yawa sai an fara kunna shi daga cikin saiti. Ana soma dannawa ne da zarar an kunna kwamfutar. In kuwa Windows na aiki, akwai hanya mafi sauƙi: a riƙe maɓallin Shift yayin da ake ba da umarnin sake tashi, shuɗin allo zai bayyana, a zaɓi filash daga ciki.

Abin da ya fi kamata ɗan kasuwa ya kula da shi bai shafi maɓalli ba. Masu gyara da dama, da filash ya ƙi, sai su garzaya su kashe Secure Boot. Sau da yawa babu buƙatar haka, domin filash ɗin Windows, har ma da na Ubuntu da Fedora, kan tashi da shi a kunne. Haɗarin kuwa shi ne, kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifansu a kulle da BitLocker ba tare da mai ita ya sani ba, kuma sabon zubin Windows 11 na 2024 ya ƙara faɗaɗa wannan kulle. Idan aka taɓa Secure Boot, kwamfutar na iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48. In babu shi, lissafin ciniki da sunayen masu bashi da takardun kwangila duk sun kulle, kuma Microsoft kansa ba zai iya buɗewa ba. Mabuɗin yakan kasance a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar, ko a hannun sashen kula da na'urori na kamfani. Ya kamata a nemo shi, a buga a takarda, a adana a inda ake ajiye takardun banki tun kafin a miƙa kwamfuta ga mai gyara. Ko a rikicin 2024, rashin wannan mabuɗi a kusa ya jinkirta gyara a wurare da dama.

Har ila yau, masu sayen kwamfutoci na hannu, irin waɗanda ake shigowa da su kasuwar Computer Village ta Ikeja, su gwada shiga saitin tun a shago. Wasu daga ofisoshin ƙasashen waje suka fito, da kalmar sirri a kan saitin, kuma a sababbin samfura cire ƙaramin batirin ciki ba ya goge ta.

Kwamfutocin Apple nasu daban ne. Masu injin Intel ana riƙe maɓallin Option ne, kodayake waɗanda ke da guntun T2 sai an fara ba da izini daga cikin saitin tsaro. Waɗanda aka ƙera da injin Apple tun daga 2020 kuwa, maɓallin kunnawa ake riƙewa har zaɓin ya bayyana, kuma filash ɗin Windows na yau da kullum ba ya tashi a kansu.