Kuɗin Zama da Tarukan Manhajar Kasuwanci a Yammacin Zamfara

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a tsakanin 'yan kasuwa da masu shagunan hada-hadar kuɗi na yammacin Zamfara, tun daga Anka har Gummi, a haɗa da Zugu da Nasarawar Burkullu da sauran garuruwan Bukkuyum, wadda ta isa a yi magana a kanta ba tare da kwana-kwana ba. Duk sa'ad da kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar da suke aiki da ita, ko ƙungiyar masu sana'arsu, ta aiko da gayyatar taro a Gusau ko Sakkwato ko Kano, tambayar farko ita ce nawa za a bayar na zama. Idan aka ce babu, sai a yanke hukuncin cewa taron na banza ne. Idan aka ce akwai, sai a tura wanda ya fi kowa rashin abin yi a gidan, ya je ya sa hannu a takarda, ya karɓo ambulan da riga da hula, ya dawo bai san ko kan maganar da aka tattauna ba. Masu yin haka kuwa su ne kan gaba wajen kukan cewa na'ura ta cinye musu kuɗi ko lissafi ya ƙi daidaita.

Manhaja dai ita ce tsarin umarnin da ke sa waya ko kwamfuta ta yi wani aiki, manhajar kasuwanci kuwa ita ce wadda aka tsara domin saye da sayarwa, kamar rubuta shiga da fita, ƙidayar hajar da ta rage a sito, fitar da rasit da bin bashi, har da wadda ke cikin na'urar POS da ta cika bakin kasuwanni da tashoshin mota. Taron masu amfani da ita shi ne zaman da ake haɗa waɗanda suka rubuta ta da waɗanda ke aiki da ita kullum, a nuna abin da aka sabunta, a koyar da abin da ya shige wa mutane duhu, a kuma saurari koke.

Asalin irin wannan zama ba shi da alaƙa da rabon kuɗi ko kaɗan. A shekarar 1955 wasu ma'aikatu a yankin Los Angeles na Amurka, masu aiki da manyan kwamfutocin IBM, suka kafa ƙungiyar SHARE domin su riƙa musayar manhajojin da suka rubuta, su kuma haɗa murya wajen gaya wa kamfanin abin da suke so ya gyara. Masu saye ne suka kira taron, su ne kuma suka ɗauki nauyin kansu. Kamfanin Salesforce yana yin nasa mai suna Dreamforce a San Francisco tun 2003, inda mutum kan biya fiye da dala 1,000 kafin ya shiga, Odoo na ƙasar Beljiyam yana tara nasa mutanen a Brussels kowace shekara, Zoho na Indiya kuma ya kawo nasa mai suna Zoholics har Legas. A gida akwai taron Digital Nigeria da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ke shiryawa a Abuja, akwai tarukan AMMBAN, wato ƙungiyar wakilan bankuna da masu hada-hadar kuɗi ta waya, ga kuma ƙananan zaman da kamfanonin POS kan kira wa wakilansu. Babu mai hankalin da zai biya kuɗin jirgi da masauki da na shiga don a ba shi riga.

Inda al'adar kuɗin zama ta samo tushe sananne ne. Shekara da shekaru gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna kiran ma'aikatan lafiya da malamai da masu unguwanni bita, suna biyan su kuɗin mota da na abinci, kuma Anka da Bukkuyum sun ga irin wannan kai-komo sosai tun bayan annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. A can biyan yana da hujja, domin an ɗauke mutum daga aikinsa ne saboda amfanin jama'a. Kuskuren shi ne auna kowane taro da wannan ma'auni, domin ɗan kasuwar da aka kira a koya masa yadda zai tsare dukiyarsa shi ne mai cin moriyar zaman, neman a biya shi a kan haka kuwa rashin sanin ciwon kai ne.

Abin da ake asara ya wuce ambulan nesa ba kusa ba. Masu rubuta waɗannan manhajoji suna zaune ne a Legas ko Indiya ko Turai, a ofisoshin da wuta da intanet ba sa yankewa, ba su kuma da hanyar sanin halin shagon Zugu sai wani daga can ya faɗa musu, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce na mako biyu ne, amma a ƙananan hukumomi da yawa abin ya ɗauki watanni, a daidai lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako. Duk wanda lissafinsa ke cikin manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet, ya wayi gari bai san wa yake bi bashi ba, bai kuma san abin da ya rage masa a sito ba. Manhajar da ke ajiye bayanai cikin wayar kanta, ta tura su idan sabis ya dawo, abu ne da ake iya ginawa, akwai ma masu yin haka. Sai dai kamfani ba ya kashe kuɗi a kan gyaran da bai ji masu biyansa sun nace a kai ba, kuma zauren taron shi ne wuri ɗaya da injiniyan kamfanin ke zaune dole ya saurara a gaban jama'a. Wanda ya zo jiran ambulan ba zai ɗaga hannu ya kawo wannan magana ba, don bai ma san da ita ba.

Haka batun awo da bashi yake. Mai sayar da hatsi yana saye da buhu ya sayar da tiya ko mudu, yawan tiyar da ke cikin buhu kuma ya danganta da irin buhun da irin hatsin, farashin kaka ba shi ne na bazara ba, kuma rabin cinikin ƙauye bashi ne da ake biya bayan girbi, wani lokaci ma da hatsi maimakon kuɗi. Manhajoji da yawa suna da wurin da mutum zai saka ma'auninsa da kansa, amma akasarin masu shaguna ba su taɓa buɗe wurin ba, sai su yi mako biyu suna fama, su ajiye manhajar da suka biya kuɗinta su koma tsohon littafi suna zaginta. Abin da zai warware wannan bai wuce zaman rubu'in awa da ma'aikacin kamfanin a gefen taro ba. Ga al'ummar da addininta ya umarce ta da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, yake kuma neman ɗan kasuwa ya ƙiyasta hajarsa duk shekara ya fitar da ɗaya bisa arba'in, sakaci da kayan lissafi abin kunya ne, ba ma a zo ga maganar riba ba.

Dokokin sana'ar ma ba sa tsayawa jiran kowa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, har Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, shi ya tura jama'ar karkara ga tiransifa da POS ko suna so ko ba sa so. A 2024 aka wajabta wa masu POS rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a Disamban shekarar Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade abin da wakili zai ba mutum ɗaya a yini zuwa naira 100,000, a Agustan 2025 kuma ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, ta riƙa aiki cikin tazarar mita 10. Wannan umarni na ƙarshe ya taɓa duk mai ɗaukar na'urarsa yana bin kasuwanni, yau nan gobe can, wanda shi ne tsarin cin kasuwar wannan yanki tun kaka da kakanni. Wanda ya halarci taro ya ji bayani daga bakin kamfanin, ya kuma faɗi yadda dokar za ta cutar da shi. Wanda ya ƙi zuwa don ba alawus sai ya ji ta a majalisar mai shayi, bayan an ƙara mata gishiri.

Abin takaicin shi ne taron da ke saurin raba kuɗi da alkawarin riba shi ya fi cancantar a guje masa. Tsarin zuba jari na MMM ya daskare da kuɗin jama'a a Disamban 2016, na CBEX kuma ya rushe a Afrilun 2025, masu irin wannan damfara kuwa sun ƙware wajen kama zaure mai kyau, su raba abinci da kyaututtuka, su nuna manhaja a allo tana ninka kuɗi. Manhajar kasuwanci ta gaskiya lissafi take yi, ba ta haihuwar naira, kuma duk zaman da aka ce a zuba jari ko a kawo mutum uku ba taron masu amfani ba ne.

Gaskiya ne rashin tsaron hanya da tsadar mota da gudanar da tarukan cikin Turanci suna hana wasu zuwa, amma duk da haka akwai abin yi.

Abin yi na farko shi ne a tura mai riƙe da na'urar, wato yaron shagon da ke fitar da rasit ko matar da ke rubuta lissafin ƙungiyar adashi, domin shi ya san inda take tsayawa. Idan maigida yana son zuwa, to su tafi tare. Kafin tafiya a tabbatar da gayyatar daga lambar kamfanin da aka sani ko shugabannin ƙungiya, sa'an nan a zauna a rubuta matsaloli ɗaya bayan ɗaya, kowace da ranar da ta faru da adadin kuɗin da rasit ɗinta, saboda injiniya ba ya iya komai da maganar cewa abu yana ba da wahala, amma idan aka nuna masa lambar cinikin da ya maƙale zai bi sawunsa. Tun 2020 Babban Banki ya ce a warware cinikin POS da ya gaza cikin sa'o'i 72, don haka wanda nasa ya wuce haka yana da bakin magana. Inda kuɗin tafiya ya yi nauyi, masu shaguna goma na iya haɗa na mutum ɗaya, su ba shi tambayoyinsu a rubuce, a kuma zaɓi mai jin Turanci wanda ba ya kunyar cewa a maimaita. Idan hanya ba ta da kyau, kada a sa rai cikin haɗari, a tambaya ko za a watsa zaman ta intanet, a taru a inda sabis ke da ƙarfi a bi shi tare.

A cikin zaure akwai tambayoyin da bai kamata a fito ba a yi su ba. Shin manhajar tana aiki idan sabis ya ɗauke, kwana nawa kuma za ta iya yi a haka? Idan waya ta ɓace ko ambaliya ta ci shago, kamar yadda aka gani a Gummi a damunar 2024, ta yaya za a dawo da lissafin? Biya ɗaya ne ko na wata-wata, da naira ko da dala, kuma me zai faru da bayanan mutum ranar da ya kasa biya? Ana iya fitar da su gaba ɗaya a koma wata manhajar? Maigida zai iya hana yaro goge ciniki ko canza farashi? Bashin da ake tallatawa a cikin manhajar yana da ruwa, kuma nawa ne? Akwai mai amsa waya da Hausa? Wa ke ganin sunaye da lambobin abokan ciniki, tun da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan mai tara su? A rubuta amsar kowace da sunan wanda ya bayar da matsayinsa.

Kada a yarda da abin da aka nuna a allo, domin an shirya shi ne da wuta da intanet masu kyau. A nemi gwadawa a wayar da aka zo da ita, a kashe data a ga abin da zai faru. Kada a sayi komai a ranar saboda rangwamen da aka ce zai ƙare da magariba. Lambar sirri da lambar da banki ke turowa ta gajeren saƙo ba a ba da su ga kowa, ko da yana sanye da rigar kamfanin, takardar sa hannu kuma ba ta buƙatar lambar banki ta BVN. Lokacin hutun sallah da cin abinci a nemi takwarori daga Sakkwato da Katsina da Zuru masu irin sana'ar, a ji wace manhaja suka bari da dalilin barinta, don sau da yawa maganarsu ta fi ta kan dandamali gaskiya.

Bayan dawowa, wakilin ya tara waɗanda suka tura shi cikin makon, ya karanta musu amsoshin da Hausa, ya nuna wa kowa gyaran a kan na'urarsa, a kuma ajiye takardar wurin sakataren ƙungiya. Idan wata uku suka wuce alkawarin da aka ɗauka a zaure bai cika ba, ƙungiyar ta rubuta wa kamfanin wasiƙa ɗauke da ranar taron, da sunan wanda ya yi alkawarin, da yawan shagunan da abin ya shafa a Anka da Bukkuyum da Gummi, ta kuma sanar da shi ranar da membobinta za su kwashe bayanansu su koma wata manhajar.